Lissafi a Rayuwarmu: Daga Katsina zuwa Sakkwato a jirgin sama, minti nawa ne?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare a Bacirawa, cikin ƙaramar hukumar Ungogo. Ya ce ya duba taswira a waya ya ga tsakanin Katsina da Sakkwato bai kai kilomita 300 ba, kuma malaminsu ya faɗa musu jirgin sama yana gudun kilomita 800 a awa guda. Da ya raba, sai ya sami minti 20. To amma yayansa ya bar Katsina da safe a jirgi, bai isa Sakkwato ba sai bayan la'asar. Shi ne yake tambaya: lissafin ne ya yi kuskure, ko yayan ne ya ƙara wa miya gishiri?

Ɗana, lissafinka daidai ne, kuma yayanka bai yi ƙarya ba. Abin da ya faru shi ne, tambayoyi uku ne suka haɗu a wuri ɗaya. Akwai nisan da ke tsakanin filayen jirgin biyu. Akwai lokacin da jirgi zai ɗauka. Akwai kuma lokacin da shi matafiyin zai ɓata kafin ya isa inda za shi. Kowacce da yadda ake lissafa ta. Ku ɗauko biro da takarda mu bi su ɗaya bayan ɗaya, domin ta farkon tana yawan fitowa a jarrabawar WAEC da NECO, kuma ɗalibai da yawa kan tsallake ta saboda tsoro.

Da farko, nisan

Kowane wuri a duniya yana da adireshi na lambobi biyu. Latitud yana gaya maka yadda wuri ya nisanci layin da ya raba duniya biyu, ko ta arewa ko ta kudu. Longitud kuma yana gaya maka yadda ya nisanci layin da ya ratsa ta Girinwich a Ingila, ko ta gabas ko ta yamma. Da digiri ake auna su, kuma kowane digiri an kasa shi kashi 60. Kowane kashi sunansa minti. Ku lura, wannan mintin na kusurwa ne, daban yake da na agogo.

Filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina yana kan digiri 13 daidai a arewa, da digiri 7 da minti 40 a gabas. Filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato yana kan digiri 12 da minti 55 a arewa, da digiri 5 da minti 12 a gabas. Kun ga mun yi sa'a. Latitud ɗinsu kusan ɗaya ne, bambancin minti 5 kacal. Wato wanda ya tashi daga Katsina ya fuskanci yamma sak, zai faɗa Sakkwato.

Saura mu ga bambancin longitud. Mu cire digiri 5 da minti 12 daga digiri 7 da minti 40. Abin da ya rage digiri 2 da minti 28, wato minti 148 gaba ɗaya.

Ga abin da matuƙan jirgin sama da na ruwa suka daɗe suna aiki da shi: minti ɗaya na latitud daidai yake da mil ɗaya na teku, shi kuwa mil ɗin teku kilomita 1.852 ne. Don haka digiri ɗaya ya kama kimanin kilomita 111. Za ku iya gwadawa da kanku. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, ku raba da 360 ku gani.

Sai dai layukan longitud suna da wani hali. Ku dubi lemon zaƙi da aka ɓare. Ɓangarorinsa suna da faɗi a tsakiya, suna tsukewa yayin da suka nufi sama ko ƙasa, har su haɗe a wuri guda. Haka layukan longitud suke. A tsakiyar duniya tazarar digiri ɗaya ta kai kilomita 111, amma tana raguwa in ana yin arewa ko kudu. Dalilin da ya sa ake ninkawa da cos na latitud ke nan. Da yawanku kun haddace wannan ba tare da an gaya muku dalili ba, to ga shi yau. Mu da muke kan digiri 13, cos 13° shi ne 0.974.

Minti 148 sau 0.974 ya ba mu mil 144 na teku. Mil 144 sau 1.852 ya ba mu kimanin kilomita 267. Wannan shi ne nisan da tsuntsu zai bi daga filin Katsina zuwa na Sakkwato. In kun yi amfani da hanyar da ke cikin littafinku, inda ake ɗaukar kilomita 6,400 a matsayin nisan tsakiyar duniya zuwa doronta, za ku sami 268 ko 269. Ɗan bambancin daga cike lambobi ya fito, kada ya tayar muku da hankali.

Akwai wata shaida da ba ta buƙatar kalkuleta. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya a minti 4 na agogo. Digiri biyu da rabi ya kama kusan minti 10. Shi ya sa da azumi mutanen Katsina kan riga na Sakkwato shan ruwa da kimanin minti 10, alhali agogonsu ɗaya.

Na biyu, lokacin jirgi

Kilomita 267 a raba da 800 ya ba da kashi ɗaya cikin uku na awa, minti 20 cif. A takardar jarrabawa, wannan ita ce amsa, kuma za a ba ka makinka cikakke, domin mai tambaya ya ce ka ɗauka gudun bai canzawa. Amma jirgi na gaske ba ya fara tafiya da gudun 800, ba ya kuma ƙarewa da shi.

Lokacin da ake rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda ya ɗauki fasinja, ya ƙare sa'ar da ya tsaya cik a ɗaya filin. A tsakanin nan akwai abubuwa da dama. Jirgi zai gangara a hankali zuwa bakin titin tashi, da gudun da bai fi na mota a cikin gari ba. Zai jira izini daga hasumiyar da ke kula da zirga-zirgar jirage. Bayan ya tashi, a ƙa'idar da ake bi a mafi yawan ƙasashe, ba zai wuce gudun mil 250 na teku a awa ba, wato kimanin kilomita 460, har sai ya haura ƙafa 10,000. Haka kuma in ya zo sauka.

Sannan shi jirgin jet irin Boeing 737 yana samun cikakken gudunsa ne can sama, wajen ƙafa 35,000, inda iska ba ta da kauri kuma ba ya shan mai da yawa. Matuƙa suna da wani ɗan lissafi na ka da suke yi: kowace ƙafa 1,000 da za su sauko tana buƙatar tafiyar mil 3 na teku. Daga ƙafa 35,000 ke nan sai 35 sau 3, mil 105, kimanin kilomita 194. Ku cire 194 daga 267. Saura 73, kuma wannan ba ta isa jirgi ya hau ƙafa 35,000 ba. Ashe ke nan a tsakanin Katsina da Sakkwato jirgin ba zai kai can saman ba sam. Zai hau ya tsaya a tsaka-tsaki, kafin ya gama miƙewa lokacin sauka ya yi.

Akwai kuma batun iska. Jirgi yana son ya tashi kuma ya sauka yana fuskantar iska, domin hakan ke taimaka wa fikafikansa su ɗaga shi ba tare da ya cinye titi mai tsawo ba. Babban titin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana ɗauke da lamba 06 a baki ɗaya da 24 a ɗaya bakin. Ku ƙara sifiri a kowacce: digiri 60 da digiri 240 a kan kamfas, wato arewa maso gabas da kudu maso yamma. An shimfiɗa shi haka ne domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina kuwa daga kudu maso yamma. Ku da ke Bacirawa da ƙauyukan da ke kewaye, filin bai yi muku nisa ba. Ku riƙa lura da ɓangaren da jirage ke fuskanta in za su sauka a watan Janairu, ku kwatanta da watan Agusta. Ma'anar wannan ga lissafinmu ita ce, wani lokaci jirgin da zai yi yamma dole ya fara tashi ta gabas sannan ya yi kwana. Wannan zagayen ma lokaci ne.

To nawa za mu ƙara? Ga wani ƙiyasi mai sauƙi da nake amfani da shi: raba nisa da gudu, sannan ka ƙara kimanin minti 30. Mu gwada shi a hanyoyin da aka sani. Kano zuwa Abuja kimanin kilomita 365 ne a sama. A raba da 800, minti 27, a ƙara 30, minti 57. Wanda ya taɓa bi zai gaya muku wajen awa ɗaya ake rubutawa. Kano zuwa Legas kimanin kilomita 835 ne. Minti 63 da 30, minti 93, kuma wajen awa ɗaya da rabi ake yi. Ƙiyasin ya yi aiki. Don haka Katsina zuwa Sakkwato a jirgin jet zai kama wajen minti 50.

Ku lura da wani abu a nan. A cikin minti 50 ɗin nan, minti 30 ba na cin nisa ba ne sosai, wato fiye da rabi. Amma maniyyacin da ya tashi daga Kano zuwa Jidda, kimanin kilomita 3,400 in an bi miƙaƙƙiyar hanya, wannan minti 30 ɗin kimanin kashi ɗaya cikin goma ne kawai na tafiyarsa. Duk yadda tafiya ta gajarta, haka amfanin gudun jirgi ke raguwa. Shi ya sa a gajerun hanyoyi kamfanoni kan gwammace jirgi mai farfela, irin ATR 72, wanda ke gudun kimanin kilomita 500 a awa. Kilomita 267 a raba da 500, minti 32. Bambancinsa da jet minti 12 ne kawai, kuma man da yake sha bai kai na jet ba.

Na uku, lokacin matafiyi

Yanzu mun zo kan yayan mai tambaya. Jirgin fasinja ba tasi ba ne da za ka ɗauki shata. Kamfani ba ya sa jirgi a hanya sai ya tabbatar zai riƙa samun masu cika kujerun kullum, domin ko da mutum goma aka ɗauka, kuɗin mai da albashin ma'aikata da kuɗin sauka a fili duk sai an biya. Jiragen fasinja da ke zuwa Katsina da Sakkwato galibi daga Abuja ko Legas suke fitowa, can kuma suke komawa. Lokacin da waɗannan filaye suka fi cika shi ne lokacin jigilar alhazai. Saboda haka mai son zuwa Sakkwato daga Katsina a jirgi, akasari sai ya fara zuwa Abuja.

Mu lissafa. Katsina zuwa Abuja kimanin kilomita 445. Abuja zuwa Sakkwato kimanin kilomita 490. Jimilla 935, wato ninki uku da rabi na 267. Kowane zango da nasa minti 30 na ƙari, don haka zaman cikin jirgi kaɗai ya haura awa biyu. A tsakani kuma akwai jiran jirgi na biyu a Abuja, wanda zai iya kaiwa awa uku ko huɗu, gwargwadon yadda jadawalin ranar yake. A haɗa da zuwa fili da wuri don a duba tikiti da kaya, da jiran jaka bayan an sauka, da motar shiga gari. Ga yini guda ya tafi.

In kuma lokacin hunturu ne, akwai hazo. Kowane fili yana da iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hangowa kafin a ba shi izinin sauka, kuma iyakar ta danganta da na'urorin da filin yake da su. In ƙura ta rufe sararin sama, sai a jinkirta tashi ko a soke shi. Fasinja kan yi fushi, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To me ya hana shi bin mota? Wannan shawara ce da kowane matafiyi ke yankewa da kansa. Hanyar da ta bi ta Funtuwa da Gusau ta kusa ninka nisan sama sau biyu, kuma kowa ya san halin rashin tsaro da wasu hanyoyin Katsina da Zamfara suka shiga a 'yan shekarun nan. Akwai wanda zai gwammace ya biya kuɗi mai yawa ya kuma ɓata yini a filin jirgi don hankalinsa ya kwanta. Lissafi ba zai yanke masa hukunci ba, amma zai nuna masa ainihin abin da yake saye da kuɗinsa.

Mu dawo gida

Hanyar Katsina ta gefen Bacirawa ta wuce, don haka mu gwada Kano zuwa Katsina. Filin Kano yana kan digiri 12 da minti 3 a arewa, da digiri 8 da minti 31 a gabas. A nan latitud ya bambanta, longitud ma ya bambanta, sai mu nemi taimakon Fitagoras. Daga Kano zuwa Katsina an yi arewa da minti 57, wato kilomita 106. An yi yamma da minti 51, a ninka da 0.976, sannan da 1.852, kilomita 92. Ku zana kusurwa uku mai tsayayyar kwana. 106 sau 106 ya ba da 11,236. 92 sau 92 ya ba da 8,464. Jimilla 19,700. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta za ta ba da haka? Kimanin 140. A gajeren nisa irin wannan ana iya ɗaukar ƙasa kamar shimfiɗaɗɗiya ce. A doguwar tafiya irin ta Jidda dole a yi la'akari da lanƙwasar duniya.

Kilomita 140 a raba da 800, minti 10 da rabi. A ƙara 30, minti 40. Amma ɗan Bacirawa sai ya fara komawa baya zuwa fili, ya isa aƙalla awa ɗaya kafin tashi, ya yi minti 40 ɗinsa, ya jira kaya, ya nemi abin hawa zuwa cikin Katsina. An doshi awa uku. Wanda ya tsaya a bakin titi ya tari mota, kilomita 170 ko ƙasa da haka ke gabansa, kuma in hanya ta yi kyau zai iya riga na jirgin isa, da kuɗi kaɗan. Wannan shi ne sauri ya haifi nawa. Kun ga dalilin da ya sa ba kasafai ake jin jirgin fasinja tsakanin Kano da Katsina ba, duk da kowanne gari yana da fili.

A da can, tilas ce ta sa jirage yin gajerun zango. Jiragen farko da suka sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, guda uku ne na sojan saman Ingila, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Sun baro Helwan ta ƙasar Masar ranar 27 ga Oktoba, suna tafe suna yada zango don shan mai, har suka ratso ta Maiduguri. Tafiyar da ta ci musu kwanaki, jirgin yau yana yin ta cikin awoyi kaɗan ba tare da ya tsaya ko'ina ba. Amma irin lissafin da suka yi da taswira da kamfas da agogo, shi ne dai wanda muka yi yanzu.

Kuma ana cin abinci da shi. A Zariya akwai Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya, wadda aka kafa a 1964. Can ake horar da matuƙa, da injiniyoyin jirgi, da masu aikin hasumiya, maza da mata. Duk mai sha'awar wannan fanni, ya riƙe darasin lissafi da fiziks da jogirafi da Turanci da hannu biyu tun yanzu. Matuƙin da ya yi kuskuren lissafin lokaci ya yi kuskuren lissafin mai, kuma babu gidan mai a sararin sama.

Aikin wannan mako

Tambaya ta ɗaya. A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, filin jirgin Maraɗi yana kan digiri 13 da minti 30 a arewa, da digiri 7 da minti 8 a gabas. Na Damagaram yana kan digiri 13 da minti 47 a arewa, da digiri 8 da minti 59 a gabas. Ku yi amfani da 0.972 a matsayin cos, ku nemo nisan da ke tsakaninsu. Sannan ku ƙiyasta lokacin da jirgi mai gudun kilomita 500 a awa zai ɗauka, har da ƙarin minti 30.

Tambaya ta biyu. Jirgi mai gudun kilomita 500 a awa ya tashi daga Katsina zuwa Sakkwato, iska mai gudun kilomita 100 a awa tana tura shi ta baya, gudunsa ya zama 600. Da zai dawo, iskar tana gabansa, gudunsa ya zama 400. Shin lokacin zuwa da dawowa, in an haɗa, daidai yake da na ranar da babu iska ko kaɗan? Kada ku amsa da ka. Ku lissafa kowane zango daban, ku haɗa, sannan ku yi bayanin abin da kuka gani a jimla biyu ko uku.

Ku aiko da amsoshinku tare da sunan makarantarku da ajinku, kuma ku nuna yadda kuka bi har kuka kai ga amsar, domin a nan makin yake. Za mu buga waɗanda suka fi tsari a fitowa ta gaba. Masu shirin jarrabawa, Allah Ya ba da sa'a. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.